Alhaji Halliru da Kujerar Gaba

Duk wanda ya san tashar motar Illela a shekarun baya ya san Halliru tun yana ɗan kamasho, da tawul a wuya, yana ihun "Sakkwato, saura mutum ɗaya" alhali saura huɗu. A tashar nan ya yi karatunsa kaf, kuma darasi biyu ya fito da su. Na farko, mutumin kirki a gaban mota yake zama, kusa da direba. Baya ta buhunan albasa ce da waɗanda Allah bai ɗaga ba. Na biyu, babu farashin da ba ya karyewa in mai saye ya iya juya baya. Ya sha ganin direba ya rantse ba zai rage ko kwabo ba, amma da rana ta take, fasinjoji suka fara tsaki, sai ga shi yana bin wanda ya juya, yana cewa ya kawo abin da ke hannunsa.

Da wannan ilimi ya bar kamasho ya shiga canji, yana juya naira da sefa a wata rumfa kusa da bakin iyaka, har ya zama Alhaji, ya ajiye tumbi, ya gina bene. Masu tsegumi sun ce ko likkafanin mahaifinsa sai da ya taya, ya fice daga shagon, aka kira shi ya dawo.

Babban ɗansa Zainulabideen, wanda ake kira Zainu, yana aikin asibiti a Amurka. Da matarsa ta kusa haihuwar fari, sai ya bugo waya ya ce yana so Baba da Inna su zo, kuma Baba ne zai raɗa wa jaririn suna da bakinsa. Aka sha wahalar biza aka samu. Zainu ya sayi tikiti biyu ya aiko.

"Ina ne wurin zaman namu cikin jirgin?" in ji Alhaji.

"Tsakiya ne, Baba, wajen fiffike."

"Gaban fa, su wa ke zama?"

"Shi ake ce wa bizines. Kujerar takan miƙe ta zama gado, amma kuɗinta ya ninka namu nesa ba kusa ba."

"To maida musu tawa. Innarka ta zauna wajen fiffiken, ita ba ta da abokan da za su tambaye ta ina ta zauna. Ni zan sayi tawa da kaina."

Sai ya nemi Junaidu, wani mai sayar da tikitin jirgi a Sakkwato. Junaidu ya faɗa masa gaskiya: in yana son kujerar gaba da sauƙi, ya saya tun da wuri, ya tashi a tsakiyar mako, ya yarda da jirgin da zai yada zango a wata ƙasa kafin ya tsallaka teku. Alhaji ya yi murmushi. Wane ɗan kasuwa ne ba ya cewa kaya na ƙarewa? Kullum da hantsi sai ya sa a duba masa na Abuja da naira, a duba na Yamai da sefa, ya auna su a kansa, ya ce a bari tukuna. Duk ranar da farashin ya hau, daɗi yake ji, don a wurinsa rantsuwar direba ce, ita kuwa ya san inda take ƙarewa.

Maƙwabcinsa a rumfar canji, Attahiru, ya samu abin yi.

"Alhaji, yau nawa munka taya jirgin?"

"Kai dai zuba ido. Su za su neme ni."

"Awo, na ji an ce matuƙin na nan Kwanni, tsallaken iyaka, shina tambayar gidanka."

Matar Alhaji kuwa, Hajiya Hindatu, ta shiga shiri. Ta ɗaure kilishinta da yajin jego, ta tafi ranar da aka rubuta mata. Ba a jima ba aka haihu, namiji. Junaidu ya bugo ya ce ta Abuja babu sauran wuri, amma akwai jirgin da zai tashi daga Yamai ya kai shi kafin ranar suna, kuma kujera biyu ta rage a gaba.

"Biyu?" in ji Alhaji. "Sun shigo hannu."

Ya ƙi a saya masa ta waya. Ya cika jaka da sefa, ya tsallaka Kwanni, ya hau motar Yamai, a gaba. A filin jirgi ya iske wata yarinya a bayan kanta, ya jingina kamar mai sayen rago.

"Ɗiyata, kujerar gaban nan, nawa za ki bar mini ita?"

Ta juyo masa da fuskar na'urar, ta nuna masa lambar da ɗan yatsa.

"Wanga na baƙi ne. Hwaɗa mini na gida."

"Alhaji, ba ni ke sa kuɗi ba."

"To kira mai jirgin."

Ya taya rabi. Ko "albarka" ba ta ce masa ba, don ba ta ma san ciniki ake yi ba. Sai ya ɗauki jakarsa, ya juya baya, ya fara takawa a hankali, kunnuwansa duk suna wajen kanta. Ya tsaya ya gyara hula. Ya ƙara gaba, ya tsaya ya gyara takalmi. Da ya isa ƙofar gilashi, ta buɗe da kanta, ya fita. A waje ya samu inuwa ya zauna, yana kallon ƙofar, yana jiran wanda za a turo. Yana nan zaune ya ji rurin jirgin a samansa.

Ranar suna wani limami ɗan Sanagal ne ya raɗa wa yaron suna, Halliru, a falon Zainu. Mai sunan ya kalli abin a waya cikin rumfarsa, hoton na yankewa, 'yan kabu-kabu na ta hon a bayansa. Da aka shafa fatiha, Hajiya ta karɓi wayar.

"Alhaji, ka ga takwaranka. Su ma na gaban da kake magana, tare munka sauka da su."

Attahiru ya duƙa yana dariya har hularsa ta faɗi. Alhaji ya jira ya gama.

"Kujera biyu sunka tashi da ita wayam," ya ce. "Kai ka gaya mini wa ya yi hasara."

Ya sa yatsa biyu a kan wayar, ya buɗa hoton jaririn har fuskar ta cika gilashin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya kira Junaidu ya ce a duba masa na gobe.