Hantsakin Usta Fahim da Idon Lauza

Shekara arba'in da biyu mahaifina, da ake kira Usta Fahim don gwanintarsa a sana'a, ya yi yana aski a unguwar Shubra. Ba askin ne ya yi masa suna ba, tsigar gashi ce. Da zare yake share kumatun ango, da hantsaki yake bin kunne da gira. Girman kai kuwa, ya ɗebi nasa ya haɗa da na maƙwabta. A wurinsa likita wanzami ne da ya samu farar riga.

Da mahaifiyarmu ta rasu, ta bar masa kyanwarta Lauza, mai dogon gashi da shafaffen hanci. Mutumin da a da yake korar ta da tsintsiya, sai ga shi yana cire mata ƙayar kifi da hannunsa, yana kiran ta Hajiya.

Wata rana idanunta suka fara zubar da hawaye. Ya ɗaga fatar idon, ya ga wasu 'yan gashi sun tsiro ta ciki suna gogar ƙwayar.

"Wannan ai sana'ata ce," in ji shi. "Afaf, riƙe min ita."

Na naɗe ta a tawul, ya tsige. Duk Litinin, ranar hutun masu aski, haka muke yi, har wata takwas. Wata maƙwabciya ta ce mu kai ta asibitin dabbobi, ni da bakina na ce mata a gidan Usta ba a kai gashi waje. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai da idon dama ya rufe ruf sannan muka je. Likitar, wata yarinya mai suna Mirbat, ta haska idon ta daɗe tana dubawa.

"Wa ke tsige mata?"

Na sunkuyar da kai.

"Ni ne, 'yata. Sana'ata ce."

"To Baba, ka fi ni sani. Gashin da ya karye wajen tsiga, in ya fara fitowa, yaya ake jin sa a tafin hannu?"

Ya dubi tafin hannunsa. Can ya ce, "Kamar ƙaya."

Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Aka yi wa Lauza allurar barci. Likita ta ɗora wani siririn ƙarfe da ya fi ƙanƙara sanyi a gefen fatar idon, ta daskarar da saiwar gashin, ta bari ya narke, ta sake, don kada ya ƙara tsirowa. Fatar ta kumbura kwana biyar, gefen fatar ya yi fari na 'yan watanni. Idon hagu ya tsira. Na dama kuwa hakiya ta riga ta zauna.

Na shirya ƙarya tsaf, duk wanda ya tambaya in ce tsufa ne. Baba bai bar ni ba. Ko ango ne a kan kujera ya tambaya, cewa yake, "Aikina ne," ya ci gaba da aski.

Har yanzu shi ke ba ta kifi, amma kullum sai ya zagaya ta damanta.

"Baba, ta nan fa ba ta gani."

"Na sani," ya ce. "Ba na so ta ga hannun."