Tsohuwa da Mafici

A unguwar ba wanda ke kiransa da komai sai Mai Talla. Shekara ashirin ya yi yana gyaran rediyo, da idonsa ya fara gajiya da ƙananan wayoyi sai ya koma sayar da muryarsa. Mai maganin sauro da mai gyaran takalmi duk wurinsa suke zuwa ya naɗa musu tallar da za su sa a lasifika. Ɗakin aikinsa tsohon sito ne, ya lulluɓe bangon da kwalin ƙwai, ya jingina katifa a taga.

A nan Tsohuwa take, wato kwamfutarsa. In ka kunna ta sai ka je ka yi wanka ka dawo kafin ta farka. Minti goma da fara aiki ta ɗauki zafi, muryarsa ta fara fita a tsinke kamar mai shaƙuwa. Ba halin kunna fanka, don makirufo na ɗaukar ƙararta. Shi ya sa matarsa take zama gefen teburi da mafici tana yi wa Tsohuwa fifita. Shekara shida suna haka. In ya ja kalma fiye da kima ta ɗan buge shi da maficin a gwiwa, ya sake. Yana ƙorafi kullum, amma ko sau ɗaya bai taɓa ƙin sakewa ba.

Sai babbar 'yarsu, wadda gyaran kwamfuta ne aikinta, ta zo hutu. Ta ga uwarta tana fifita, ranta ya ɓaci, ta ce yau za a yi ta ta ƙare. Ta kwance Tsohuwa, ta fitar da ƙurar da za ta cika kofi. Ta kankare busasshen man rage zafi da ke kan ƙwaƙwalwarta ta shafa sabo, ta ƙara mata memori, ta cire faifan ajiya mai gurnani ta sa wanda ba ya motsi. Manhajoji sha huɗu da ke tashi tare da ita ba gaira ba dalili, duk ta kashe su. Ta kuma gargaɗi uban ya riƙa cire intanet in zai naɗa.

Tsohuwa ta koma yarinya. Aikin yini guda ya zama na awa ɗaya, murya tas, ba tsinkewa. Matar ta rataye maficin, ta koma kan keken ɗinkinta a tsakar gida.

Mai Talla ya yi murna kwana biyu. A na uku ya ja wata kalma, ya tsaya yana jiran bugu a gwiwa, bai zo ba. Ɗakin ya yi masa faɗi. Kewarta yake yi, ga ta nan taku goma kacal, amma mutumin da ke tallar kayan duniya ya rasa bakin da zai ce ta zo ta zauna.

Saboda haka ya ninke tawul ya toshe wa Tsohuwa kafar iska, ya buɗe duk manhajar da ya sani, ya jira har ta fara nishi. Sannan ya leƙa tsakar gida da fuskar tausayi, ya ce gyaran yaran zamani ba ya ƙarko, ciwon ya dawo.

Matar ta shigo da mafici. Ta dubi kwamfutar, ta dubi tawul ɗin, wanda ita ta wanke shi da safe. Ta janye shi a hankali ta yafa a kafaɗa.

"Malam, za ka kashe baiwar Allah a banza," in ji ta. "Rufe tarkacen nan."

Ya rufe su ɗaya bayan ɗaya, kansa a ƙasa. Tsohuwa ta yi shiru. Yana jiran ya ji ƙarar ƙofar fitarta, sai ya ji an ja kujera.

"Fara mana," ta ce. "Tun shekaranjiya nake jin ka daga waje kana jan kalmomi, hannuna har ƙaiƙayi yake."

Ya matsa kusa da makirufo. Ta ɗaga maficin, ta juya shi wajensa, ta fara fifita.