Yaya Habi da Gwangwanin Tsinkaye

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Habi, mai haɗa haƙoran roba a Kura, kuma har yau mazan yankinmu ba su daina zuwa da tsinke a aljihu ba.

Idan haƙoran matar manomi suka zube, ba ya son ta buɗe baki gaban baƙo. Sai ya sa ta auna dasashinta da tsinken tsintsiya, ya karya daidai, kamar mai zuwa sayo takalmin sallah. Wani ma zama yake ya ce a auna nasa bakin, a ɗan rage. Yaya Habi takan karɓi tsinken ta jefa a wani gwangwanin madara. Ta sha gaya musu cewa muƙamuƙin sama na mace yakan fi na namiji ƙanƙanta, ganɗarta ba ta kai tasa faɗi ba, kuma ko mata biyu bakinsu ba ɗaya ba ne. Aka ce girman kai gare ta. Ita kuwa sai ta ɗauki kayan awonta, ta hau acaɓa ta bi bakin hanyar ruwa har ɗakin matar.

Yau haƙoran da aka riga aka haɗa ake bazawa a tire ranar kasuwa, kowa ya zaɓar wa matarsa. Da tana raye, na tabbata da ta kifar da tiren. Ni da na gaji shagonta ana ta cewa in sassauta, wai zamani ya wuce mu. Ba zan sassauta ba.

Watan jiya Malam Sale, manomin tumatir daga Bunkure, ya ajiye min tsinke a kan tebur. Haƙoran kasuwa sun yayyanka wa matarsa Lami dasashi, shekara biyu ba ta wuce kunu ba.

"Malam, ban iya aiki da tsinke ba," na ce masa. "Bakinta ne, ita zan gani."

Ya fita a fusace. Bayan kwana uku ya dawo da Lami a bayan babur. Ranar da na sa mata nata, gasasshiyar masara ta fara nema, ta gatsa, ta yi dariya ba ta kai mayafi baki ba. Nan kewar yayata ta kama ni har na yi hawaye.

Ba ta bar gida ko gona ba, shagon da gwangwanin nan ta bar min. Tsinken Malam Sale yana ciki tare da sauran, kuma babu ko ɗaya da aka taɓa yin haƙori da shi.