Ƙirgen Gashin Kaza

Jiya maƙwabta suka ƙona karan dawa, yayyafi ya sauka a kan tokar. Warin nan kaɗai ya mayar da ni Ƙofar Jatau, tsakar gidan kakata ta wajen uba, mai sabulun salo.

Da an girbe dawa aikinta yake farawa. Ta ƙona kara, ta tara tokar a tukunya mai huji a gindi, ta zuba ruwa ya riƙa ɗiga cikin kasko. Kafin ta haɗa ruwan tokar da man kaɗe, sai ta tsoma gashin kaza a ciki, leɓenta na motsi, tana ƙirge a zuci. In gashin ya zube da wuri, ruwan ya yi ƙarfi, zai ci fatar mutane, sai ta sirka. In ya daɗe bai zube ba, ta mayar da kaskon kan wuta. Tokar dawa daban take ajiyewa, ta maiwa daban, kuma ta san wadda ta fi kumfa. Har daga Tudun Jukun mata ke aikowa saye saboda ƙurajen yara.

A cikin jikokinta ni ta zaɓa. Ta ce hannuna ba ya rawa, ni za ta bar wa ƙirgen.

Ina aji ɗaya a sakandare na tsinci kalmar sayantifik a bakin malamin kimiyya. Ban tsaya jin ƙarshen bayaninsa ba, haka nake tun asali. Na ɗauka ma'anarta abin Turawa, mai kwalba da farar riga.

Ranar wata Asabar Kaka ta kira ni in riƙe mata gashin kaza. Ina sauri, ƙawaye na jira a zaure. Na ce mata wannan aikin ba sayantifik ba ne. Ta yi dariya, ta ce to ƙawata, fassara wa tsohuwa.

Na ce, "Abin da masu ilimi suke yi ne, ba canki-canka irin naki ba."

Ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi gashin daga hannuna, ta ce in je kada ƙawayena su gaji. Daga ranar ba ta sake kirana bakin kasko ba, ni kuwa har daɗi na ji.

Sai a aji uku malamin ya sa mu haɗa sabulu a makaranta. Ya tsoma wata 'yar takarda a ruwa don auna ƙarfinsa, ya ce sayantifik siffa ce ta duk aikin da aka gwada, aka lura, aka maimaita har ya ba da amsa iri ɗaya, ko a ina aka yi shi, ko wa ya yi. Ina kallon takardar nan, gashin kaza nake gani.

Na koma gida na same ta a kan tabarma, lokacin ƙafa ta fara hana ta aiki. Da na iya ba da haƙuri, da shi zan fara. Maimakon haka na ce ashe ma sabulunta sayantifik ne.

Ta dube ni ta ce, "Zagin ne kika dawo da shi, ƙawata? Ai na ji tun farko."

Ni na koya mata kalmar a karkace, kuma a haka ta riƙe ta. Na ce zan yi mata bayani wani lokaci. Kunya ta sa na yi ta ɗagawa, har ta rasu da damina.

Yanzu sabulun kanti kowa ke saye a gidan. 'Yata ta tambaye ni ma'anar kalmar nan saboda aikin makaranta, na ba ta labarin toka da kasko da gashin kaza. Ta ce to mu gwada, har nawa ake ƙirgawa?

Ban sani ba. Babu wanda ya sani.