Jar Tutar Malam Dikko

Kullum bayan sallar asuba, Malam Dikko zai saɓa gudumarsa ya bi layin dogo a ƙafa, daga tsohuwar tashar garinmu har gadar rafi, yana ƙwanƙwasa kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da huɗu ke nan rabonmu da jin kukan jirgi, amma shi bai fasa ba. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ni dai ba wanda ya ce mini an tashi aiki."

Da can tashar nan ita ce cibiyar gari. Gyaɗa da dawa daga Tudun Wada har Doguwa a nan ake lodinsu, mata na miƙa fura da dafaffen rogo ta tagogin tarago. Da jirgi ya ɗauke ƙafa, ma'aikata suka watse, 'yan gwangwan suka fara leƙe. Dikko, mai duba layi, shi kaɗai ya rage.

Malam Dikko, kai ne ka tare motar da ta zo kwasar ƙarafa da rana tsaka, ka zauna a kan dogo ka ce sai dai su ɗauka har da kai. Kai ne ka hana kowa shuka a filin tasha, har da ƙaninka Balarabe da ya roƙi kunya biyar ta masara. Ya ce, "Yaya, ciyawa fa kake gadi." Ka ce, "Amana ce, ba gadon babanmu ba." Shekara bakwai bai taka gidanka ba. Mu kuwa muna ta dariya, wai jirgi ya tafi da hankalinka. Allah ya yafe mana.

Bana, ana gab da shuka, sai ga wasu da takarda da katafila. Wai an sayar da filin, za a gina sito. Wanda ya sayar ko ƙaya ɗaya bai taɓa cirewa a wurin ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Abin ya ƙona mini rai, har yau.

Dikko ya fito da jar tutarsa, wadda matarsa Asibi ta sha yi wa faci, ya ɗaga ta gaban katafila.

Direban ya leƙo. "Baba, a matsa mana."

"Ɗana, jirgi mai tarago talatin ya tsaya wa tutar nan."

Direban ya sunkuyar da kai, sannan ya kewaye shi kawai. Muna tsaye muna kallo. Balarabe ne ya ratso mutane ya kama hannun Dikko. "Zo mu tafi, Yaya. Na ware maka kunya biyar a gonata."

Mun gode, Malam Dikko, ko da yake godiyarmu ba ta tsayar da katafila ba. Duk wanda aka ba amana ya zo ya ga yadda ake riƙe ta. Ya zo da asuba, zai ji guduma tana ƙara a bayan katangar sito.