Tsakuwa a Kusurwa

Na ga wasan rami da tsakuwa a ƙasashe da dama. A Kumasi suna da nasu na katako, suna zuba 'ya'yan itace suna ta surutu. A Omdurman na zauna da tsofaffin da suke yin nasu a kan yashi, ba mai cewa uffan sai an tashi. Amma dara irin tamu ban taɓa jin daɗinta da kowa ba kamar yadda na ji da wani abokina na Anguwan Rukuba a nan Jos, dattijon coci, wanda ya yi ƙuruciyarsa a gindin injinan haƙar kuza har kunnensa ya yi nauyi. Ina ce masa Dattijo, yana ce mini Alhaji. Shekara da shekaru muna haɗuwa bayan la'asar a bakin shagon wani tela a Kwararafa, shi da tsakuwa, ni da guntayen kara.

Da yake ba ya ji sosai, gaisuwa da shi sai da ihu, kuma ba wanda yake son ya yi ihun halin gidansa a bakin titi. Sai muka samu wata al'ada, ba tare da mun taɓa zama mun shirya ta ba. Tsakuwa ko karan farko kowa a ramin kusurwa yake ajiye shi. Duk mai dara ya san wannan asarar hannu ce, amma a wurinmu ma'anarta gida lafiya. In akwai damuwa, a tsakiya ake ajiyewa, ɗayan kuma ya bar wasan ya matso kusa. Ya taɓa yi mini haka lokacin da matarsa ta kwanta ciwo. Ni ma na yi masa ranar da ƙanena ya rasu.

Bayan rikicin da ya raba unguwanni, 'ya'yansa suka hana shi saukowa, nawa suka hana ni hawa. Waya kuwa ba ta da amfani gare shi. In an kara masa a kunne sai ya ce, "Wa ke nan? To, na gode," ya miƙa wa mai ita.

Autata ce ta samo mafita. A lokacin tana karatun kwamfuta, kuma aikin da aka ba su shi ne su gina wasan da mutum biyu za su yi daga wurare daban-daban, ta cikin shafin intanet kawai. Ta zaɓi dara saboda ta gaji da ganina ina zaune a zaure ina juya kara a hannu. Akwai kafe, wato shagon intanet, a nan Dutse Uku, akwai wani a bayan gidan Dattijo. Masu shagunan suka koya mana riƙe linzamin kwamfuta. Wasa ɗaya yakan ɗauke mu kwanaki, muna taɓa kaɗan kowace la'asar.

Da farko ta sa kowace kwamfuta ta riƙe nata allon dara, motsin da aka yi kawai ake aika wa ɗayar. Sai wata rana motsi ɗaya ya ɓace a hanya, allunan suka rabu, ba mu sani ba. Na tashi ina murna na cinye shi, shi ma ya tashi yana murna ya cinye ni. Ya aiko wani direban tasi ya ce mini, "Dattijo ya ce a gaishe ka da haƙuri."

Na ce, "Ka ce masa tsufa ya kai idonsa, bayan kunne."

Da autata ta ji, ta yi dariya har da hawaye, ta sake gini. Wannan karon ta sa alƙali a tsakani, wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, wadda take kira sabar. Ita kaɗai ke riƙe da allon gaskiya. Namu sai dai su riƙa tambayarta jifa-jifa ko akwai sabon motsi. Na ce mata na san wannan. Haka muke ciniki a kasuwar Duwala kafin in iya Faransanci, kowa ya faɗa wa tafinta, abin da tafinta ya ce shi ne magana. Gardama ta ƙare, amma jira ya zo. Layin intanet na Jos kuwa, hadari ya taso ya tsinke, a ɗauke wuta ya tsinke. Sai in zauna ina kallon allo kamar mai gadin kabari.

Shi ne ta ƙara abu na uku. Ta ce, "Baba, sabar ta ga wasanninku da yawa. In ɓangarensa ya yi shiru, za ta yi hasashen abin da ya saba yi ta nuna maka, ka ci gaba. In nasa na gaskiya ya iso, sai ta gyara."

Na ce, "Wato ta yi mini ƙarya kafin gaskiya ta iso."

"Ba ƙarya ba ce, Baba. Tsakuwar hasashe ta fi haske kaɗan, za ka gane."

Ban taɓa ganewa ba. Gilashin kwamfutocin shagon ya koɗe, idona ma haka. Abin da nake gani dai wani lokaci tsakuwa ta zauna a rami, can sai ta ɗaga da kanta ta koma wani, ba hannu. Na fi shekara ina ganin haka, amma ban taɓa sabawa ba.

A tsakiyar wata damina muka fara sabon wasa. Irin kwanakin nan ne da hazon ruwa yake sauka ya rufe duwatsu, rana ba ta fitowa, mutane suna yawo da rigar sanyi da tsakar rana. Na ajiye karana a kusurwa. Jim kaɗan tsakuwarsa ta bayyana a tasa kusurwar. Na ce alhamdu lillahi, muka shiga wasa.

Kwana biyu ina jin wani abu bai zauna mini ba. Dattijo mutum ne mai jinkiri, yakan sa ni jira har shayina ya huce, sannan ya yi wani motsi na ganganci don kawai ya ba ni haushi. Wannan kuwa yana amsawa a kan kari, kuma kowane motsi nasa na san shi. Na taɓa ganinsa. Kamar mutum yana magana da muryar abokinka, yana maimaita maganganunsa na bara. Na ce wa mai shago, "Kai, wannan wasan ba ya wari irin na mutum."

Ya ce, "Alhaji, ko dai yau kai ake ci?"

"Ni nake ci. Abin da ya dame ni ke nan."

Amma in na dubi kusurwa sai in ga tsakuwar tana nan, hankalina ya kwanta. Ai ya ce lafiya.

Ranar da abin ya faru ana yayyafi, an ɗauke wuta, janareta yana ta kuka a bayan shago. Ba kowa sai ni da mai shagon. Na kai hannu zan matsa kara, sai tsakuwarsa ta ƙarshe ta ɗaga ta koma inda ta fito. Karana ya bi ta. Sai wata, sai wani. Na janye hannuna na ɗora a cinya. Wasan kwanaki yana warwarewa a gabana ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ana kwance ɗinki. Allo ya zama fili, saura karana a kusurwa da tsakuwarsa a kusurwa. Ita ma ta ɗaga. Ta sauka a tsakiya.

Daga baya na ji yadda aka yi. Tsawa ce ta lalata kwanon intanet na kafen unguwarsu a daidai ranar da muka fara. Dattijo ya zo, ya ajiye tsakuwarsa a tsakiya, ya koma gida, bai san ba ta tafi ba. Ta zauna a cikin kwamfutar nan har aka gyara kwanon aka buɗe shafin. Sabar kuwa ba ta taɓa ganin ya fara da wani wuri ba sai kusurwa. Autata ma ba ta san abin da kusurwar take nufi ba, ta ɗauka rashin iya wasa ne na tsofaffi.

Ban koma gida ba, don na san za a hana ni. Na tari ɗan acaɓa. Ya kai ni inda masu acaɓan unguwarmu suke tsayawa ya ce, "Baba, iyakata nan." Na hau sauran da ƙafa cikin hazo, ina jin muryoyi a ƙofofin gidaje ba na ganin masu su sosai. Ba wanda ya tare ni. Wata mata mai sayar da gasasshiyar masara ta dube ni ta ce, "Gidan Dattijo? Ku yi sauri, Baba."

Na same shi kwance, ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi, matarsa tana gefen gado. Ashe tun ranar nan ya ji hannunsa yana mutuwa, da ɗayan ya riƙe linzamin. Ya dube ni ya daɗe. Bakinsa ya karkace, amma na ji shi.

"Alhaji. A ƙafa ka zo daga Makka?"

Na sunkuya daidai kunnensa na ce, "Ina can ina cin ka."

"Ni?"

"Wani mai kama da kai. Ya fi ka hankali."

Ya yi wani sauti da na san dariya ce. Na zauna har aka kusa magariba, babban ɗansa ya rako ni har bakin hanya. Na sake hawa sau da yawa, ba wanda ya ƙara hana ni. Kafin a girbe dankali ya rasu.

Autata ta ce za ta rufe shafin. Na ce ta dakata mini. Wata la'asar na je kafen, na zauna a kwamfutar da na saba, na buɗe sabon wasa, na ajiye karana a kusurwa. Na san babu kowa a ɗaya ɓangaren. Na san abin da sabar take yi in ta ji shiru. Duk da haka, da tsakuwar ta bayyana a kusurwarsa, sai da na gyara zama. Na matso da fuskata dab da gilashin ina neman hasken nan da aka ce za a gane. Ban gan shi ba.

Mai shago ya ce, "Alhaji, ba za ka taɓa ba?"

Na ce a'a. Na ɗauki hulata na fita, na bar tsakuwar a inda take.