Shawarar da Aka Nema Wurin Kawu

Shekara ashirin da biyu ke nan yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, ɗan ɗaki mai taga ɗaya a ƙarshen baranda. A gida kowa Kawu yake ce masa, har matarsa, don 'ya'yan yayarsa sun riga nasa zuwa duniya, sunan ya bi shi. Hannunsa na da sauƙi. Jijiyar da ma'aikatan jinya suka nema suka rasa, shi ake kira, ya shafa sau ɗaya ya soka allura, kafin mara lafiya ya ɓata fuska har an gama.

Abin da yawancin dangi ba su sani ba shi ne likita ya so zama. Sau uku ya zauna jarrabawar shiga, a ta ukun maki biyu ya rasa. Daga nan ya karanci aikin gwaji, bai ƙara ta da maganar ba. Sai dai duk lokacin da wani sabon likita, sa'an ɗansa na fari, ya miƙo masa takarda ta taga ba tare da ya dube shi ba, sai ya bi farar rigarsa da kallo har ya ƙule.

Ana nan sai autar yayarsa ta gama sakandare, ta nemi karatun likita, makarantu biyu suka ɗauke ta. Ɗaya tsohuwar jami'a ce mai nisa, tafiyar wuni guda, mai babban asibitin koyarwa. Ɗayar sabuwa ce a garinsu, kuma a asibitin da Kawu yake aiki ɗalibanta suke koyon duba marasa lafiya. Ta farkon ita ce ta ƙi shi sau uku.

Yayar ta kira shi gida. Ya tarar da falo cike, takardun biyu a kan tebur an danne su da kofi.

"Kai ne ɗan asibitinmu," in ji ta. "Duk wadda ka zaɓa, ita ce."

Ya ɗauki takardar tsohuwar jami'ar. Tambarin bai canza ba. Ya karanta ta har ƙasa, ya sake komawa sama, yana jin Auta na kallonsa. Ya yi mata barka a taƙaice.

"Wancan wuri ba wasa ba ne," ya ce. "Rabin ajin ake kora a shekara ta biyu. Ga nisa. Ta zauna nan kusa da ke, Yaya."

Yayar ta ji daɗi, dama abin da take so ta ji ke nan.

Washegari yana bakin aiki sai ga ɗaliban sabuwar makarantar sun wuce ta gaban tagarsa, su bakwai cikin fararen riguna, suna dariya. Ya hango Auta a cikinsu nan da shekara huɗu. Yarinyar da ya koya wa ɗaura igiyar takalmi za ta tsaya a nan ta miƙo masa takarda, ta ce a hanzarta. Da ya tashi aiki bai wuce gida ba, ya biya wurin yayar.

"Na sake tunani. Makarantar nan ta gida ko kayan aiki ba su cika ba. Gara ta tafi can."

Kwana biyu bayan haka ya sake juyawa, ya ce ɗakunan kwanan can ba ruwa.

Matarsa tana ninke kayan wanki ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kawu, ran nan ka kushe ta nesa, shekaranjiya ka kushe ta kusa, yau ka koma kan ta nesa. Ni fa ban ji wadda ka yaba ba."

"Ke me kika sani a kan karatun likita?"

"Ban san komai ba. Kai na sani."

Ya fita ya zauna a ƙofar gida, bai shigo ba sai da abinci ya huce.

Saura kwana uku a rufe karɓar amsa, Auta ta same shi a ɗakin gwaji da hantsi. Ta zauna a kujerar da marasa lafiya ke zama. Don kada ya yi magana, sai ya ɗora ɗan gilashi mai ɗigon jini a na'urar dubawa, ya ce ta leƙa ta nemo masa ƙwayar zazzaɓi. Shi sai da ya yi mako biyu kafin idonsa ya iya rabe ta. Ita ko minti uku ba ta yi ba ta ce, "Wannan mai kama da zobe?"

"Ita ce," ya ce. Ya janye na'urar zuwa gabansa.

"Kawu, Mama ta ruɗe, ni ma na ruɗe. Da kai ne, wacce za ka je?"

Ya cire gilashin, ya goge na'urar da ba ta yi datti ba.

"Ta nesa. Malamanta sun fi, marasa lafiyar da za ki gani a wata ɗaya, nan sai ki shekara ba ki gan su ba. Kora kuwa ana yi, amma ba irinki ake kora ba."

"To me ya sa ba ka faɗa tun farko ba?"

"Sau uku na neme ta," ya ce. "Tashi, akwai masu jira."

Ta tashi a hankali. Ba ta gaya wa mahaifiyarta wannan ba.

Ranar tafiya dangi suka raka ta tasha, shi ya ce aiki ya yi masa yawa. Bayan nan in ta turo tambaya ta waya, wani lokaci ya amsa nan take da dogon bayani, wani lokaci ya bar ta kwana huɗu. In yayar ta fara labarin makin da Auta ta ci, yakan tuna da wani uzuri a waje.

Da ta zo hutu a shekara ta uku, yayar ta tara dangi ta ce kowa ya miƙa hannu a auna masa hawan jini. Kawu ya so ya zame, aka riƙe shi. Auta ta naɗa masa abin awon a damtse. Ya duba, ya ga ta sa shi a juye.

"Robar nan ta ciki take kallo, ba ta waje ba," ya ce, ya kwance ya ɗaura da kansa.

Ta ce, "Na gode, Kawu," ta sake aunawa. Jinin ya ɗan hau, ta ce ya rage gishiri. Ya ce to.

A hanyar komawa gida sau uku yana ba matarsa labarin yadda aka ɗaura abin a juye. Ta bar shi ya gama duka ukun, sannan ta ce daga gobe za ta rage gishirin.